Mu Gyara Turancinmu: "Enormous" ba ta son a ɗora mata "very"



Wannan makon kalma ɗaya tak za mu ɗauka, ita ce "enormous". Wata uwa ce ta jawo maganar. Ta ce 'yarta da ke aji biyu a babbar sakandare ta rubuta insha'i a kan gidan kakanta, ta sa "a very enormous compound", malami ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "very", bai rubuta komai a gefe ba. Yarinya ta dawo gida tana ganin an ci mata maki a banza. Ita ma uwar ba ta ga laifin jimlar ba: tunda ana cewa "very big", me zai hana a ce "very enormous"? Tambayar tana kan hanya, kuma rabin amsarta yana cikin Hausar da muke yi a tsakar gida.

Idan kun buɗe ƙamus, zai ce muku "enormous" sifa ce da ke nufin abin da ya yi girma ƙwarai da gaske. Ku lura da wannan "ƙwarai da gaske" ɗin, domin a cikin kalmar yake, ba a waje ba. "Big" ita ce babba. "Enormous" kuwa ita ce makeke, fankameme, shirgege. Yanzu ku gwada a bakinku: "Gonar Alhaji babba ce sosai." Lafiya lau. "Gonar Alhaji ba ta da girma sosai." Ita ma daidai. To ku ce, "Gonar Alhaji fankamemiya ce kaɗan." Ko yaron da bai shiga firamare ba zai ji wani abu ya karkace. Wanda ya ce fankamemiya ya riga ya kai ƙarshen magana, babu sauran wurin da zai ƙara ko ya rage.

Haka muke yi da amsa-kama. Muna cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja jawur, sabo fil, cike maƙil. Ba wanda ke cewa "rigar fara ce fat sosai", don "fat" ta gama aikin da "sosai" za ta yi. Inda muka bambanta da Bature shi ne, mu sau da yawa sai mu bar kalmar yadda take mu liƙa mata amsa-kama a baya, shi kuma sai ya ajiye kalmar gaba ɗaya ya ɗauko wata sabuwa. Gajiya in ta yi tsanani, "tired" ta koma "exhausted". Yunwa in ta kai intaha, "hungry" ta koma "starving". Sanyi ya tashi daga "cold" ya zama "freezing", fushi daga "angry" ya zama "furious", ƙanƙanta daga "small" ta zama "tiny". Girma kuma daga "big" zuwa "enormous" ko "huge".

Kalmomin farko a kowane ɗayan nan kamar tsani suke, ana hawa ana sauka. Abu yana iya zama "a bit big", ko "fairly big", ko "very big", ko "extremely big". Na biyun kuwa a kan soro suke zaune, an gama hawa. "Very" aikinta ta ɗaga ka mataki ɗaya ko biyu a kan tsani, saboda haka ba ta da abin yi a wurin wanda ya riga ya hau soro. Abin da malamin ya gani ke nan. Yana da gaskiya da ya ja layin. Da ya ƙara kalmomi biyar a gefen takardar, da ya huta, yarinyar ma ta huta, amma wanda ke da littattafai tamanin a gabansa ba kullum yake samun wannan sukunin ba.

To idan mutum yana son ya ƙara wa "enormous" armashi fa? Akwai kalmomin da take karɓa: "absolutely enormous", "truly enormous", "simply enormous". Waɗannan ba mataki suke ƙarawa ba, rantsuwa suke yi cewa lallai an kai soron, kamar yadda za mu ce "wallahi makeke ne". Kuma abin yana juyawa: ba a cewa "absolutely big", kunnen mai harshen ba ya karɓarta. Wanda ya rasa ta cewa ya riƙe "really", ita ce mai shiga ko'ina, "really big" daidai ne, "really enormous" ma daidai ne. Sai "quite", wadda take da fuska biyu, musamman a bakin mutanen Ingila. "Quite big" na nufin babba ne dai ba laifi. "Quite enormous" kuwa na nufin makeke ne ɗungurungum. Kalma ɗaya, ta rage a can, ta ƙarfafa a nan.

Ba ina cewa wanda ya furta "very enormous" ba za a gane shi ba. Za a gane shi sarai, har ma akan ji Turawan da kansu sun faɗe ta cikin raha. Amma ɗanku ba raha zai je yi a ɗakin jarrabawa ba. A WAEC ana neman insha'i mai kalmomi kamar 450, ana ba da maki a kan zaɓen kalma da iya sarrafa jimla, ana kuma zabtare maki a kan kurakuran nahawu da na rubutu. Yaron da ya yi ƙoƙarin burge mai dubawa da babbar kalma, ya ɗora mata abin da ba ta ɗauka, gara ma da ya tsaya a "very big" ɗinsa.

Akwai wani ɗan tarko da ke jiran yarinyar can da zarar ta goge "very". Jimlar za ta zama "a enormous compound", shi ma kuskure ne. Dole "a" ta koma "an", domin "enormous" da wasali ta fara: "an enormous compound". 'Yar'uwarta "huge" kuwa "a" take ɗauka: "a huge compound". Ku tuna wa yara cewa sautin da ya fito daga baki ake bi, ba harafin da ke kan takarda ba. Shi ya sa ake cewa "an hour", tunda ba a furta h ɗin, ake kuma cewa "a university", tunda da sautin y take farawa. Na sha ganin "an huge" a rubuce, har a takardun ofis. Ko mutanen New York irin su Donald Trump da Bernie Sanders, waɗanda aka sani da haɗiye h ɗin "huge" su furta ta kamar "yuj", "a" suke sa mata, don y ma baƙi ne.

Wani wuri kuma Turanci ya fi Hausa sauƙi, ya kamata a faɗa wa yara hakan don su samu ƙarfin gwiwa. Mu muna cewa makeken gida, makekiyar gona, maka-makan gidaje: siffa uku, ta namiji da ta mace da ta jam'i. "Enormous" ba ruwanta da jinsi ko adadi. "An enormous house", "an enormous farm", "enormous houses". Tana zuwa gaban suna, ko kuma bayan aikatau irin su "is" da "looks" da "seems": "The ram looks enormous", wato ragon nan da gani shirgege ne. Idan sifofi sun taru a kan suna ɗaya, ta girma tana riga ta shekaru, ta shekaru tana riga ta launi. Tsohuwar baƙar tukunyar nan ta dafa abincin biki ita ce "an enormous old black pot". In ka ce "a black old enormous pot" ba wanda zai kai ka kotu, amma mai harshen zai ji kamar an sa riga a baibai.

Wajen kwatance, babu "enormouser", babu "enormousest". Kalma mai gaɓa uku "more" da "most" take ɗauka. Sai dai ko "more enormous" ɗin ba kasafai ake buƙatarta ba. In ana gwada gida biyu, "bigger" ko "larger" sun wadatar, kuma don Allah ban da "more bigger". Za ku iya jin Baturen Ingila ya ce "We had the most enormous lunch". Ba gwada abincin yake da wani ba, yana dai nufin sun ci sun yi nak.

Yanzu mu zo inda kuskuren ke wuce asarar maki ya koma abin kunya.

Ɗalibi yana ba da labarin bikin yayarsa, yana son ya ce jama'a sun yi dafifi, sai ya rubuta, "Enormous people attended the wedding." Abin da ya faɗa shi ne ƙatti ne suka halarci bikin, kowa da ƙirjinsa kamar ɗan dambe. "Enormous" abin da ke gabanta take sifantawa. In ka ɗora ta a kan mutane, jikinsu ka auna. In yawansu kake nufi, sai ka ɗora ta a kan yawan: "an enormous number of people", ko "an enormous crowd". Kuma "number" ta abin da ake ƙirgawa ce, mutane da motoci da awaki, aikatau ɗinta jam'i: "An enormous number of people were there." Abin da ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya, kamar ruwa da shinkafa da aiki, "amount" yake ɗauka. Kuɗi ma a Turanci cikin wannan rukuni suke, duk da cewa kullum ƙirga su muke yi. Maƙudan kuɗi su ne "an enormous amount of money" ko "an enormous sum", ba "enormous money" ba.

Wanda ya fi wannan zafi shi ne na "babba". Kalmar nan tamu tana ɗauke da kaya da yawa. Tana nufin girman jiki, tana nufin shekaru, tana nufin muƙami da daraja. Yaro ya koyi cewa "enormous" ita ce babba ƙwarai, sai a ce ya rubuta a kan mutumin da ya fi burge shi, ya fara da "My father is an enormous man in our town." Yana nufin mahaifinsa babban mutum ne, ana jin maganarsa. Mai karatu kuwa abin da zai hango shi ne wani ƙato mai tumbi da ba ya shiga ƙofa sai a karkace. Ku yi tunanin ɗalibar da aka zaɓa ta yi jawabin maraba ranar rabon kyaututtuka ta kira babbar baƙuwa "an enormous woman". Girman daraja yana da nasa kalmomin: "great", "important", "respected", "prominent". "Enormous" in ta hau kan mutum, mudu da sikeli take riƙe da su, ba rawani ba.

Ku duba ma yadda "babba" take rarrabuwa in ta shiga Turanci. Babban birni "capital" ne. Babbar kotu "High Court". Babban Bankin Najeriya "Central Bank". Babban asibiti "General Hospital". Babban yatsa "thumb". Babbar yaya "elder sister" ko "big sister". Babbar Sallah a Turancin Najeriya "Big Sallah" muke ce mata. Babbar riga kuwa sunanta babbar riga, a bar ta haka. Ba ko ɗaya a cikinsu da "enormous" za ta shiga.

Inda take shiga ba tare da an ga jiki ba shi ne abubuwan da ake jin nauyinsu a rai ko a aljihu: "enormous pressure" ga matsin lamba, "enormous responsibility" ga nauyin da ya hau kan mutum, "enormous debt" ga bashin da ya yi katutu, "an enormous success" ga gagarumar nasara. A nan "gagarumi" ce fassararta, ba "makeke" ba. Bayanau ɗinta kuma "enormously", mai daɗin amfani: "Prices have risen enormously", farashi ya yi tashin gwauron zabi, "I am enormously grateful", ina matuƙar godiya.

Asalin kalmar yana da ban sha'awa, kuma zai taimaka wa yara su riƙe ta. Daga harshen Latin ta fito, gida biyu ne aka haɗa. "E" na nufin fita daga. "Norma" kuwa sunan ma'aunin nan ne mai siffar harafin L da kafinta da magini ke dafawa a kusurwa su ga ko ta miƙe, daga nan ta zama ƙa'ida ko mizani. Ita ce ta haifi "normal", wadda samarinmu suka mai da gaisuwa: "Yaya dai?" "Nomal." Saboda haka "enormous" a tushenta tana nufin abin da ya fita daga nomal, ya ƙetare ma'auni.

Wannan ya bayyana wani abu da ke rikita yara. Sauro yana iya zama "enormous", giwa kuma ta zama "small". Kowane abu da ma'aunin jinsinsa ake auna shi. "An enormous mosquito" sauron da ya fi sauraye ne, ba wanda ya kai tunkiya ba. Gafiyar da aka kashe a rumbu aka ce "enormous" ce, 'yar akuya ma ta fi ta. Dama Bahaushe ya ce giwa a garin wani zomo ce.

Lokacin da kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 16, ba girma kaɗai take nufi ba. Abin da ya ƙetare ƙa'ida ai yana iya zama mugun aiki, don haka a tsofaffin rubuce-rubuce ana samun "enormous" da ma'anar mummuna, abin ƙyama. A hankali wannan ma'ana ta zube daga jikinta, girman ya rage. Amma 'yar ɗakinsu "enormity" ta riƙe tsohon gadon. Ma'anarta ta asali ita ce munin laifi, ta'asa. "The enormity of the crime" na nufin irin munin da laifin ya kai. A nan ne masu rubuta wasiƙar godiya ke faɗawa rami. Mutum ya samu tallafin karatu, ko an biya wa mahaifiyarsa kuɗin asibiti, yana son ya nuna girman alherin, sai ya rubuta "the enormity of your kindness". Ga mai karatun da ya san tsohuwar ma'anar, kamar ka ce wa mutum "ta'asar alherin da ka yi mini" ne.

Gaskiya masana Turancin kansu ba su daina jayayya a kan wannan ba. A daren 4 ga Nuwamba, 2008, da Barack Obama ya yi jawabin cin zaɓe a Chicago, ya yi amfani da "enormity" wajen bayyana girman aikin da ke gaban Amurkawa, masu tsananin kishin ƙa'ida suka yi ta ƙorafi. Ƙamusoshi da dama a yau sun karɓi wannan ma'ana, musamman in abin da ake magana a kai mai nauyi ne da ban tsoro, kamar aiki ko matsala ko bala'i. Ni dai shawarata: in abin baƙin ciki ne ko mai wahala, kuna iya sa ta. In abin farin ciki ne, ku nisance ta. Akwai "size", akwai "scale", akwai "extent", akwai "magnitude". Mai wasiƙar godiya kuma "your great kindness" ta ishe shi.

"Enormous" tana da dangi da yawa, kuma a tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na neman kalma mafi kusa da ma'ana ana yawan jero su. Duk girma suke nufi, amma kowace da irin girman da ta fi so. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba ma cewa zungureriyar gona in faɗi muke nufi, ba ma cewa fankamemiyar sanda. Zungurere na tsawo ne, fankameme na faɗi, gundumeme na kauri.

"Huge" ita ce ta yau da kullum, daga tsohon Faransanci ta zo, kusan duk inda "enormous" ta shiga ita ma tana shiga, sai dai ta fi ta sauƙin kai. "Vast" ta shimfiɗa ce, abin da ido ba ya ganin ƙarshensa, kamar hamadar Sahara mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 9. Ba a cewa rago "vast". "Massive" ta nauyi da kauri ce, irin Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira ɗari, ko ganuwa, ko gungumen icce. "Immense" a tushenta tana nufin abin da ba ya aunuwa, shi ya sa ta fi dacewa da abin da ba a taɓawa, kamar farin ciki ko amfani ko daraja. "Gigantic" daga ƙattin tatsuniyoyin Girka ta samo suna. "Colossal" kuma tana tuna mana wani mutum-mutumi na tagulla da aka kafa a tsibirin Rhodes na Girka wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai tsawon kusan mita 33, wanda girgizar ƙasa ta kayar bayan shekara hamsin da 'yan kai. Ko don ƙarshensa bai yi kyau ba ne, yau an fi jin kalmar tare da asara: "a colossal loss", "a colossal waste of money".

Biyu daga cikin dangin sunan giwa suke ɗauke da shi. "Mammoth" wata irin giwa ce mai gashi da ta ƙare a duniya tun dubban shekaru, ana tono haurenta a cikin ƙanƙarar Saiberiya, sunan ma ta hanyar Rashanci ya shiga Turanci. Jaridun Najeriya sun ɗaura mata aure da "crowd". Duk ɗan siyasar da ya yi gangami, "mammoth crowd" ne ya tarbe shi, ko da rabin kujerun babu kowa. Yawan amfanin ya sa kalmar ta dushe, ba ta ƙara motsa kowa.

Ɗayar ita ce "jumbo", wadda ta fara a matsayin sunan giwa guda ɗaya. An kama Jumbo yana ɗan ƙarami a yankin Sudan a farkon shekarun 1860, aka kai shi Paris, daga nan a 1865 aka mai da shi gidan namun daji na Landan, inda ya girma ya zama abin kallo, yara suna hawa bayansa. A 1882 aka sayar da shi ga wani Ba'amurke mai wasan nune-nunen dabbobi, P. T. Barnum, a kan dala 10,000, mutanen Ingila suka yi ta kururuwa kada a tafi da shi, amma aka tafi. A watan Satumba na 1885 jirgin ƙasa na ɗaukar kaya ya buge shi a garin St. Thomas na Kanada, ya mutu. Tallan da Barnum ya yi masa ya sa sunan ya zama sifar duk wani abu mai girman da ya wuce na 'yan'uwansa. Da kamfanin Boeing ya fito da jirginsa samfurin 747, wanda ya fara jigilar fasinja a 1970, sai aka laƙaba masa "jumbo jet". Alhazan da suka tashi daga Kano a jirgin nan mai bene na Kabo ko Max Air, a cikin takwaran giwar Sudan suka je Makka. Albashin 'yan majalisa da jaridu ke kira "jumbo pay" shi ma daga nan ne. Sai dai "jumbo" kalmar talla da kanun jarida ce, gaban suna kawai take zama. Ana cewa "a jumbo pack", ba a cewa "my uncle's house is jumbo".

Yara masu kallon finafinan Amurka za su zo muku da "ginormous" da "humongous". Ta farkon "gigantic" da "enormous" aka haɗa, kuma ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita a 2007, don haka in yaro ya ce kalma ce, kada ku yi musu da shi. Amma kalmomin hira ne da wasa. Shigar kalma ƙamus bai mai da ita ta insha'i ba, kamar yadda ba a zuwa ɗaurin aure da rigar ƙwallo.

Saura furuci da rubutu. Gaɓa uku ce, kuma a ta tsakiya ake sauke nauyin murya: i-NOO-mas. Gaɓar ƙarshe a taƙaice take, ba "mos" ko "mus" mai ƙarfi ba. Mutanen Ingila ba sa furta r ɗin tsakiya, Amurkawa suna furtawa, kowanne daidai ne. A jarrabawar furuci ta WAEC ana tambayar gaɓar da ke ɗauke da nauyi, don haka ku sa yaro ya tafa hannu a kan "NOO" har ta zauna masa. A rubutu kuwa "ou" sau ɗaya take zuwa, a ƙarshe. "Enourmous" da "enormus" su ne kurakuran da aka fi gani. Wutsiyar "ous" ɗin iri ɗaya ce da ta "famous" da "dangerous" da "generous", in yaro ya iya ɗaya ya iya sauran. Ga masu 'yan firamare, akwai ɗan littafin Roald Dahl na 1978 mai suna The Enormous Crocodile, kalmar tana maimaituwa a cikinsa har yaro ya haddace ta bai sani ba.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye: in yaro ya koyi sabuwar babbar kalma, kada ku bari ya barbaɗa ta a kowane layi kamar gishiri. Akwai insha'in da za ka karanta, gidan "enormous", bishiyar ƙofar gida "enormous", tuwon dare ma "enormous". Zuwa layi na biyar mai dubawa ya daina ganin girman komai. Sau ɗaya a shafi ya isa, a kan abin da ya cancanta, sauran a bar wa "big" da "large". In ma yaro zai iya nuna girman ba tare da sifa ba, ya ce gidan kakansa yana da sassa goma sha ɗaya da rijiya biyu, ya fi kowace "enormous" aiki.

Ga abin da za ku ba yara bayan sallar isha'i. Jimla biyar ce, huɗu suna da matsala, ɗaya lafiyarta ƙalau:

"We bought a enormous ram for Sallah."

"The rain caused very enormous damage."

"My grandmother carries an enormous responsibility."

"Enormous students failed the test."

"We thank you for the enormity of your support."

Ku ajiye mana gyaran da suka yi a ƙasan wannan shafi, tare da ajin da yaron yake. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma ɗaya gefen, mu duba "tiny" da "minute", wadda ake rubutawa daidai da mintin agogo amma ba a furta su iri ɗaya.